Zanen Baffa a Jikin Rumbu

Shekara biyu ke nan da rasuwar Baffa, ƙanen mahaifina, wanda muke zuwa wurinsa a Kebbe duk hutun kaka. Tun kafin mu sha ruwa yakan jingina kowane yaro da rumbu, ya zana iyakar tsayinsa da ƙusa, yana cewa, "Ban da ɗage!" Har yau ina jin ɗumin ƙasar a ƙeyata, da ƙanshin sabon gero.

Bana aka sanar da ni an yi wa rumbun yaɓe. Raina ya ɓaci matuƙa, domin ni da ba na yar da ko guntuwar takarda ban taɓa ɗaukar hoton zanen ba. Na ɗauko ɗiyata mai shekara huɗu daga Tambuwal, ina shirya faɗa a hanya.

Na tarar an bar gefe guda yadda yake. Inna, matarsa, ta ce, "Ina da rai, wa ka shafe hannun Malam? Kawo ɗiyar ga."

Ta miƙo mini ƙusar. Na jingina yarinyar da rumbun, ta ɗaga dugadugai, sai na ji bakina ya ce, "Ban da ɗage!"

Allah ya yalwata makwancin Baffa, ya raya abin da ya bari.