Ranar da Ɗan Taƙi Ya Cire Ƙararrawa

Ni ba mai fita ba ce. Rayuwata kusan duk tsakanin kicin da falo na yi ta, don haka abin da na gani a duniya ba shi da yawa. Amma akwai abu ɗaya da ko tsufa ya kai ni ina neman carbi yana wuyana, ba zan manta da shi ba: labarin wani guntun mutum da bai taɓa rayuwa ba, wanda ta bakinsa na ji cewa zan rabu da ɗana.

Lokacin muna zaune a unguwar Hindawiyya, a wani tsohon gida mai matsattsen bene. Ɗana na fari a nan Jidda na haife shi, bai san Najeriya ba sai a bangon fasfo. Da ya girma iƙamarsa, takardar izinin zamansa, ta tashi daga kan mahaifinsa ta koma kan wani kamfani mai babban sito wajen bakin teku. Su ne kafilinsa, wato zamansa a ƙasar nan a hannunsu yake, har fasfon nasa ma a ofishinsu ake ajiye shi.

Ni kuwa tarbiyyar ƙauyenmu na zo da ita cikin akwati. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi. “Kai” nake ce masa, ko “wannan yaron”. Ƙanwarsa ta sha yi mini dariya, wai Ummi ke kika raɗa masa suna ko maƙwabta? Shi bai taɓa ƙorafi ba. Dabara ya nema. Duk Juma’a bayan la’asar sai ya zauna a ƙofar kicin, ya ba ni baya, ya kira ƙanwarsa ya riƙa ba ta wani labari da suke ƙagawa shi da abokansa a waya. Da ƙarfi yake magana, Hausa rabi Larabci rabi. Ya san wadda take saurare.

Ranar farko na ce wa tukunyata, “Tun da nake ban taɓa jin ana tatsuniya da rana ba.” Sai ya ce wa ƙanwarsa, “Ki gaya wa Ummi wannan ba tatsuniya ba ce, siyasa ce.” Haka muka riƙa yi, ni ina gaya wa tukunya, shi yana gaya wa yarinya.

Wai akwai wata duniya, a cikinta akwai Birnin Gishiri. Masu mulkin birnin Dogaye ne, kansu na taɓa rufin soro, suna shekara ɗaruruwa ba su mutu ba. Ƙarƙashinsu akwai rabin-mutane, waɗanda babbansu bai wuce ƙugun mutum ba. Su ke yasar rijiyoyi da shiga ramukan gishiri, don su kaɗai ramin ke ɗauka. Kuma doka ce kowane rabin-mutum ya ɗaura ƙararrawa a ƙafa mai tambarin ubangidansa. Dogaye sun ce don kada a taka su ne. To a cikinsu akwai wani mai yasar rijiya, Ɗan Taƙi, wanda aka zaɓa ya hau kujera ɗaya tak da aka ware wa rabin-mutane a majalisar birni. Waɗanda suka riga shi, ɗaukarsu ake yi kamar jarirai a ɗora a kan kujerar, su yi barci har a tashi. Shi ya ƙi a ɗauke shi. Tsaninsa na rijiya ya jawo har cikin zauren, ya jingina, ya hau da ƙafarsa.

Wallahi sai da na yi dariya har albasa ta ƙone. Na ce wa tukunya, “Wannan ɗan akwai taurin kai.”

Makonni suka yi ta tafiya, Ɗan Taƙi na ta hawa. Ya sa an yi wa rijiyoyi matakala. Ya sa an sauko da sakatar ƙofar kotu inda hannun gajere zai kai. Dogaye suna tafa masa, suna shafa kansa, abin wasa suka samu. Sai wata Juma’a muryar ɗana ta sauya. Ya ce wani tsoho cikin rabin-mutane ya shiga rami da tsakar rana, lokacin da zafi ke taruwa a ƙasa, bai fito ba. Da aka jawo shi, abin da ubangidansa ya fara kwancewa ƙararrawar ce, don a ɗaura wa wani.

Hannuna ya tsaya a kan wuƙa. Ban yi makaranta mai nisa ba, amma kunnena bai taɓa cin amanata ba. A makon nan aka yi rasuwa a layinmu, wani dattijo Bahaushen Sudan da ke aiki sito ɗaya da ɗana. Matarsa ta gaya mini a wurin gaisuwa cewa cikin kwantena ya faɗi da azahar, suna sauke kaya. Daga ranar na gane Birnin Gishiri ba nisa gare shi ba. Motar kamfani ke kai ɗana can kullum da safe.

Ɗan Taƙi ya kawo doka biyu gaban majalisa: a hana shiga rami da tsakar rana, kuma kowa ya cire ƙararrawa ya riƙe abarsa a aljihu. Ta farko suka ce za a duba. Ta biyun kuwa, tafi ya tsaya. Sai babban Dogo ya kira shi gefe ya ce za a naɗa shi Sarkin Ƙararrawa, a ba shi gida mai inuwa, ba zai sake ganin rami ba, in dai ya bar maganar.

Na ce wa tukunya, da ƙarfi fiye da yadda na so, “Ya karɓa mana! Wa ya aike shi? Mai gida mai inuwa ai yana iya taimakon mutane a hankali.”

Yaron bai juyo ba. Can ya ce wa ƙanwarsa, “In ya karɓa, shi zai riƙa ɗaura wa sababbi da hannunsa.”

Na ce, “Shi Ɗan Taƙin nan ba shi da uwa ne?”

“Yana da ita.”

“To me ta ce?”

“Ba ta magana da shi,” in ji shi. “Ɗan fari ne. Amma ya san tana ji.”

Ƙanwarsa ta yi dariya, ita duk a wasa ta ɗauka. Ni kuwa na juya na buɗe famfo don kada a ji hancina. Da dare na gaya wa maigida ya ja kunnen yaronsa. Ya kira shi, ya yi masa faɗa sosai, ya ce mu baƙi ne, baƙo kuwa ido gare shi ba baki ba. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, “Hadir, Baba.” Na san wannan hadir ɗin, “to” ɗin Larabawa. Tun yana ƙarami in ya faɗe ta da sanyi haka, to ya riga ya gama shawara.

Ranar da abin ya faru ba Juma’a ba ce. Ina tsince shinkafa kafin azahar na ji takunsa a bene, a lokacin da bai taɓa dawowa ba. Ƙanwarsa tana makaranta, ba kowa a gidan sai ni. Ya zo ya zauna a wurinsa na ƙofar kicin, ya ba ni baya, rigar aikinsa jiƙe da gumi. Babu wadda zai ba labari, amma ya fara.

Ya ce rabin-mutane duka sun yi alkawari, sun dafa kafaɗar juna, cewa ranar kasuwa za su tsaya gaban majalisa su cire ƙararrawa lokaci ɗaya. Ranar ta zo, fili ya cika. Ɗan Taƙi ya hau tsaninsa, ya sunkuya ya kwance tasa, ya ɗaga sama. Sai ya waiga. Ba wanda ya sunkuya. Ɗaya ya ja da baya, ƙafarsa ta yi ƙara, wani ya bi shi, har filin ya cika da ƙarar ƙararrawa, kowa na komawa raminsa. Shi kaɗai ne in ya taka ba a jin komai.

“Bai ga laifinsu ba,” ya ce. “Kowa da bakin da yake ciyarwa.”

Na ce, “Sai aka yi masa me?” Ban ce wa tukunya ba wannan karon.

“Dogaye ba su doke shi ba. Sun ce tun da ba ya son ƙararrawa, ba shi da ubangida, wanda ba shi da ubangida kuwa ba ya kwana a birni. Za a sa shi a jirgi a kai shi ƙasar kakanninsa.” Ya ɗan yi dariyar da ba ta da daɗin ji. “Khuruj niha’i, Ummi. Khalas.”

Fita ta ƙarshe ke nan, wadda ba a san ranar dawowa ba. Shinkafar ta zube mini a zane ban sani ba.

Maigida ya sa babbar rigarsa ya yi ta zarya, ya nemi masu faɗa a ji, ya ba da haƙuri har muryarsa ta dishe. Aka ce masa ba wanda ya kori yaron, kwangila ce ta ƙare ba a sabunta ba. Fasfon da yaron ya yi ta nema a ba kowane ma’aikaci nasa, sai ga shi an ba shi nasa shi kaɗai, da tikiti a ciki. Abokan aikinsa suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya bayan magariba, ba mai iya kallon idonsa. Shi ke zuba musu shayi.

Ranar tafiya ban je filin jirgi ba, ba a san uwa da rakiyar ɗan fari ba. Ina kicin ina goge abin da na riga na goge. Ya tsaya a ƙofa da jakarsa ya ce, “Ummi, na tafi. Ki yafe mini.” Na ce Allah ya tsare, ban ɗaga kai ba. Na ji ya sauka mataki ɗaya, biyu, mahaifinsa daga ƙasa yana cewa yalla, yi sauri, mota na jira. Sai kawai na ji bakina ya kira sunansa. Cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna.

Takun ya tsaya. Ya sake hawowa, yana dube-dube kamar wani ne ya yi kiran. Na ce, “Uwar Ɗan Taƙi ta ce a gaya masa ba ta so ya tafi ba. Amma ba ta ji kunyarsa ba.” Ƙaton saurayi ya durƙusa a ƙofar kicin yana kuka kamar ranar da aka yaye shi.

Yanzu shekaru sun wuce. Yana Kano wurin ƙanin mahaifinsa, yana sayar da kayan waya, ’yan kasuwa na kiransa Balarabe saboda harshensa. Ya yi aure, na ga jikata a waya, ban taɓa ɗaukarta ba. An ce a siton an daina sauke kwantena da azahar, ban sani ba ko saboda shi ne. Fasfo dai har yau a ofis suke kwana. Na taɓa tambayarsa ko Ɗan Taƙi ya sake shiga majalisa a can. Ya ce, “A’a, Ummi. Rijiya yake yasa. Amma ba ƙararrawa.”

Abin da na koya shi ne, gyara ba kyauta ba ne, kuma ba mai gyaran kaɗai ke biya ba, har da wadda ta haife shi. Na kuma koyi cewa in yaro ya zauna kusa da ke yana ba wani labari da ƙarfi, to ki ajiye wuƙa ki saurara, da ke yake. Har yau ranar Juma’a bayan la’asar nakan bar ƙofar kicin a buɗe, kuma ba na bari kowa ya ajiye kaya a wurin.