Gilashin da Ya Buɗe Ruwan Kwandere

Ko tsufa ya zo ya kwashe mini tunani, ba na jin zai iya taɓa ranar da na tsaya a bakin wani tsohon ramin fasa dutse a bayan Kwandere, da 'yan gilasai biyu a tafin hannuna, kowanne bai fi murfin kwalba ba. Shekaru sun wuce, na gama karatu, na kama aiki, amma har yau in na ga rana tana ƙyalli a kan ruwa sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina jami'a a nan garin Lafiya. Ni mutum ne mai shiru-shiru, daga aji sai ɗakin karatu sai gida. Yayana kuwa akasina ne. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki, kuma yana da ɗan jirgin nan maras matuƙi mai kyamara, wanda kowa a gari ke kira diron. Shi ya saya, amma ni na karance ɗan littafin da ya zo da shi tun daga bango har bango. Yakan tsokane ni ya ce, "Malam, kai ka san sunan kowace ƙusa a jikinsa, ni kuma na san yadda ake cin abinci da shi." Duk da haka in ya ɗauko hoto ya ga haske ya ƙone shi, wurina yake dawowa.

A jakar jirgin akwai wani ɗan akwati na filtoci, wato gilasan da ake maƙala wa idon kyamara. Iri biyu ne. Na farko masu sana'ar suna ce masa en-di. Aikinsa rage haske kawai, kamar tabarau mai duhu, don kada ranar Lafiya ta wanke hoton, kuma motsi ya fito lumui babu tsalle-tsalle. Shi Yaya ke bari a jikin kyamarar kullum. Na biyu folaraiza, mai ɗan zobe da ake juyawa. Shi ƙyalli yake kashewa. In ka saita shi daidai, ruwan da ya zama madubi sai ya buɗe, ka hango abin da ke ƙasa. Yaya bai damu da shi ba. Ya ce amare ba a cikin kogi suke zama ba.

Maƙwabtanmu na jikin katanga mutanen Binuwai ne, Kiristoci, sun daɗe a unguwar tun ban yi wayo ba. Matar tana sayar da doya da lemo a kasuwa, mu duka Mama muke kiranta. Mijinta, Baba, yana noman rani a Kwandere, tumatir da alayyafo da kuɓewa, yana jan ruwa da inji daga wancan ramin da ruwan damina ya cika. Mutum ne marar hayaniya, wataƙila shi ya sa jininmu ya haɗu. Gaisuwarmu ba ta wuce kalma uku, amma kullum sai mun yi ta.

Wata ranar Talata ya tafi gona bai dawo ba. Da aka bi sawu aka tarar da mashin ɗinsa a gindin mangwaro, injin ban ruwa ya ci mai har ya mutu don kansa, babu shi babu alamarsa. Nan magana ta rabu biyu. Wasu suka ce masu satar mutane ne, don a lokacin ana yawan jin labarinsu a hanyoyin ƙauye. Wasu suka kalli ruwan suka yi shiru. Manoman wurin sun zura gora a kewayen inda tiyo ya shiga, ba su taɓo komai ba. Ramin yana da faɗi, cikinsa duwatsu ne masu kaifi, babu wanda ya yarda ya nutsa haka kawai ba tare da ya san inda zai nufa ba.

Washegari da safe ƙanin Baba, wanda ke tuƙa keke napep, ya yi sallama a ƙofarmu yana neman Yaya. Yaya kuwa ya tafi Awe ɗaukar biki da babbar kyamararsa, ya bar jirgin a gida. Na fito na faɗa masa haka, ina shirin komawa ciki, sai Ummata ta ce daga bayan labule, "Ai kai ma ka iya. Ɗauko ka bi shi." Na ce ban taɓa tashinsa a gaban jama'a ba. Ta ce, "Yau za ka fara. Haƙƙin maƙwabtaka ya fi kunyarka."

A cikin keken Mama ta zauna kusa da ni, wayarta a damƙe a hannu, tana duba ta kowane lokaci. Kira take jira. Ban taɓa ganin mutum yana addu'ar ɓarayi su kira shi ba sai ranar. "Ɗana," ta ce da irin Hausarta, "in sun kama shi, za su kira. Mutum da an kama, yana dawowa. Ka duba ruwan nan da kyau, ka gaya musu ba shi ciki, su daina kallona haka." Na ce to, Mama.

Mun isa da hantsi, rana ta riga ta yi ƙarfi. Mutane sun taru, manoma da matan cocin su Mama da 'yan kallo. Na buɗe jakar. Batir biyu na tarar da caji, kowanne kuma ba ya daɗewa a sama. Idanun da ke kaina suka sa na ƙagu in gama, don haka ban tsaya tunanin filta ba, na tashi jirgin da en-di ɗin da Yaya ya bari a jiki.

Hoton ya yi kyau, kyawun da har yanzu nake jin haushinsa. Gonakin kore shar, dutsen ja, ruwan kuwa ya kwanta kamar faranti, gajimare na tafiya a cikinsa. Na zagaye ramin a hankali, gefe zuwa gefe, mutane sun yi cincirindo a bayana suna leƙen wayar da ke maƙale a rimot ɗin sarrafa jirgin. Babu abin da ya fito sai sama a kife. Batir ya fara kuka, na sauko da jirgin.

Mama ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ta juya wajen matan ta ce, "Kun gani? Na'ura ya duba. Ba shi ciki." Wata ta rungume ta, wata ta fara waƙar godiya ƙasa-ƙasa. Wani dattijo ya ce to sai a koma wajen 'yan sanda da 'yan banga, a bi ta daji. Jama'a suka fara watsewa.

Ni kaɗai a wurin na san cewa ba a duba komai ba. En-di bai cire ƙyalli ba, duhunta shi kawai ya yi. Abin da muka kalla fuskar ruwa ce, kuma da giwa ce kwance a ƙasa da haka hoton zai fito. Na durƙusa kamar ina gyara jaka, na kwance en-di daga kyamarar, na buɗe ɗan akwatin, na ciro folaraiza na ajiye a tafina kusa da ɗan'uwansa. Zuciyata ta ce in rufe jakar mu tafi. Matar nan ta samu abin riƙewa, kuma ba ni na yi mata ƙarya ba. Wata zuciyar ta ce in Baba yana ciki, za a kwashe kwanaki ana nemansa a daji, ana jiran kiran da ba zai zo ba, har ruwan ya dawo da shi a yanayin da ba za a iya ɗaukarsa zuwa ko'ina ba. Na kuma san yadda mutanensu suka ɗauki kai mamaci gida, a binne shi a ƙasar iyayensa.

Ƙanin Baba ne ya lura da ni. Ya tsuguna ya ce, "Ɗalibi, yaya? Fuskarka ba ta gama aiki ba." Na yi masa bayani da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji. Ban san Mama ta matso ba sai da na ga inuwarta a kan jakar.

"Wane gilashi kuma?" ta ce. "Na farkon ƙarya ne?"

"Ba ƙarya ba ne, Mama. Saman ruwa kawai ya nuna."

"Wannan fa?"

"Wannan yana iya nuna ƙasa. In ruwan bai yi zurfi sosai ba."

Ƙanin ya ce, "Anti, abeg, ki je ki zauna a keke, ni zan tsaya." Ba ta ko kalle shi ba. Ta daɗe tana duban ɗan gilashin, ta dubi wayarta, ta sake duban gilashin. Na so a ce ta ƙi. Wallahi da ta ce mu tafi gida, da na fi kowa saurin rufe jaka. Sai ta tura wayar cikin ɗaurin zaninta ta ce, "Sa shi."

Folaraiza ba a gyara shi a sama. Yadda ka saita shi a ƙasa, haka zai tashi. Na je bakin ruwan, na ɗaga shi a idona, na riƙa juya zoben a hankali. Farin ƙyallin ya fara dushewa, ya dushe, sai ga tsakuwa da ganyen da suka nutse a gabana ƙarara. Na lura da inda alamar zoben ta tsaya, na maƙala shi a kyamarar ba tare da ya goce ba. Na kuma tuna cewa in kyamara ta kalli ƙasa tsaye ba ya aiki sosai, sai an karkata ta, kuma kada a fuskanci rana. Na sa batir na ƙarshe, na yi bisimilla, na tashi jirgin ƙasa-ƙasa, rana a gefen kafaɗata.

Ruwan da ke cikin wayar ya zama wani ruwa dabam. Gajimaren sun ɓace. Sai kore mai duhu, da manyan duwatsu, da wata tsohuwar taya. Na ga tiyon Baba ya miƙe a ƙasa kamar maciji. Na bi gefen gabas, babu komai. Tsakiyar ta yi zurfi, baƙi ƙirin, ba a ganin komai a can, har na fara fatan batir ya ƙare a nan. Saura gefen da bangon dutse ya miƙe tsaye, inda wata bishiya ta faɗa ciki tun damina. Babu wanda ya kai gora can, don ya yi nisa da injin.

A tsakanin rassan na ga shuɗi. Na tsayar da jirgin, na ɗan sauko da shi. Riga ce, da hannu ɗaya a miƙe.

  Mama tana jikin kafaɗata, kuma ita ta wanke rigar nan. Ba ta yi ihu ba. Ta sa yatsa a kan fuskar wayar, daidai wurin, ta ce, "Shi ne." Sannan ta zauna a ƙasa a hankali, kamar wadda ta sauke kaya daga kasuwa. Matan suka kewaye ta. Ni kuma dole na ci gaba da riƙe jirgin a sama daidai kansa, har wani masunci da aka kira ya gane wurin ya shiga da igiya. Waɗannan mintocin ina kallon Baba ta cikin waya, ba damar kau da kai, su ne mafi tsawo a rayuwata. Daga baya aka fahimci santsi ne ya kwashe shi daga saman dutsen, rassan kuma suka riƙe shi.

An kai shi gida Binuwai an binne shi kusa da mahaifinsa. Yaya ya dawo ya ji labari, ya buɗe baki zai yi tsokanarsa ta kullum, sai ya fasa. Na goge bidiyon biyu duka, mai kyau da maras kyau. Na daɗe ban taɓa jirgin ba.

Mama ta yi watanni kafin ta dawo Lafiya, kuma ta dawo ne don kwashe kayanta. Ta shigo yi wa Umma sallama, ta rame, an aske mata kai. Ina ɗaki ina jin muryarta, na kasa fitowa, sai da ta ce a kira mata ɗalibi. Na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa.

"Ɗana," ta ce, "akwai ranar da ina jin haushinka. Ina cewa da yaron nan ya yi shiru, da har yanzu ina jiran waya." Ta gyara ɗankwalinta. "Amma yanzu ran Lahadi in na fito coci, ina da wurin da zan je in share. Na san inda yake kwana."

Ba ta ce ta gode ba, ni ma ban sa ran haka ba. Ta tashi, Umma ta raka ta har bakin titi, kuma tun ranar ban sake ganinta ba.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, hoto yana iya yin kyau ya kuma ɓoye komai, kuma wanda ya san haka ya yi shiru ya zaɓar wa mutane ke nan ba da saninsu ba. Gaskiyar da ke ƙarƙashin ruwan nan ba tawa ba ce, balle in ɓoye ta don tausayi ko in jefa mata ita don nuna gwaninta. Nawa kawai in faɗi abin da kowane gilashi ke iya nunawa. Mai mijin ita ke da ikon cewa a sa gilashin.