Aikin gida a kan Annabi Isa

Ina shekara ta shida da koyar da tarihi a wata sakandare a Talata Mafara na koma karatun digiri, irin wanda malamai ke yi a dogon hutu. A zango na biyu malaminmu na hanyoyin bincike, wani dattijo mai sanyin magana, ya raba mana aikin gida. Ya nannaɗe takardu ya zuba a hularsa, kowa ya ɗauki ɗaya. Da na warware tawa sai na ga an ce in auna hujjojin tarihi a kan ko Yesu, wato Annabi Isa, ya taɓa rayuwa a duniya.

Na ce, "Malam, wannan ai ba abin tambaya ba ne."

Ya ce, "To ka rubuta dalilin da ya sa. Amma kada ka kawo mini nassi, na Musulmi ko na Kiristoci. Ina son shaidar wanda ba ruwansa da shi."

Na ɗauka aikin kwana biyu ne. Na tashi a gidan malamai a Bakura, tun kafin in iya karatun boko na san labarin haihuwarsa da maganarsa a zanin goyo. Ban taɓa tunanin akwai masu shakkar an yi shi ba, balle a nema masa shaida a wajen maguzawa.

Na yi mako uku ina karatu, wasu a waya, wasu a takardun da malamin ya ara mini. Na samu marubuta biyu da ba Kiristoci ba. Ɗaya Bayahude ne, ya ambace shi sau biyu, amma masana na cewa masu kwafe littafin daga baya sun yi ƙari a wuri guda. Ɗayan Barume ne, wato mutumin daular Rum, da ke ƙin Kiristoci, ya yi rubutu shekara tamanin ko fiye bayan zamanin Annabi Isa, ya ce wanda suke bi wani gwamnan Rumawa ne ya kashe shi. Galibin masana tarihi, har da waɗanda ba su da addini, sun yarda an yi mutumin. Na ji daɗi, kamar an wanke wani nawa a kotu. Amma da na duba abin da suka fi dogara da shi sai na ga maganar gicciye shi ce. Suna cewa mabiyansa ba za su ƙago wa shugabansu mutuwar wulaƙanci irin wannan ba, don haka abin ya faru. Ni kuwa an koya mini ba a gicciye shi ba, kuma haka na yi imani. Idan na karɓi hujjar na saɓa wa aƙidata. Idan na ture ta, me zan ba malami?

Ranar Juma'a na hau mashin zuwa Bakura wajen baffana, yayan mahaifina, wanda ke karantar da manyan ɗalibai a zaurensa. Bayan mun daɗe muna gaisawa, ya tambayi iyali da aiki da ruwan bana, na zayyana masa komai. Ina tsoron ya ce in bar karatun. Sai ya gyara zama.

"Wanga Barumen, ya gani da idonai?"

"A'a, Baffa. Ba a ma haife shi ba a lokacin."

"To wa ya ba shi labari?"

"Bai faɗa ba."

"Da a wajenmu ne, da an ce ruwayar ta yanke. Amma ban ce ƙarya ya yi ba, ɗana. Mu ma mun san mutanen wurin sun zaci sun kashe shi. Abin da suka zata shi suka faɗa, shi kuma ya rubuta."

Na tambaye shi ko haka zan rubuta. Ya ce shi bai san abin da malamin boko ke nema ba. Na taso da ɗan sauƙi a raina, amma kafin in kai kwalta sauƙin ya gudu. Amsar baffa daga nassi ta fito, kuma nassi aka hana ni.

Bayan kwana biyu na je Maradun, wajen wata abokiyar karatunmu, Kirista 'yar kudancin Kaduna da ke koyar da Turanci a can. Na same ta a ofishin malamai tana duba jarrabawa. Na yi zaton za ta yi murna da Barumen, tunda ya goyi bayan abin da ta yarda da shi. Ta karanta shafukan da na rubuta, ta miƙo mini.

"Malam, ni ban taɓa jin labarin Barumen nan ba sai yau. Kuma layi biyu kawai ya rubuta, yana zaginmu. Kana nufin da wannan takardar ta ɓace, shi ke nan babu Yesu?"

Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ce to me nake nufi? Ta yi dariya ba ta raini ba, ta ce tunda Barumen ya ce Yesu ya mutu kawai, bai ce ya tashi ba, ita ma ba ta sani ba ko shaidarta ce.

Na rubuta aikin sau uku. A na ƙarshe na jera marubutan biyu, na faɗi ƙarfin kowanne da rauninsa, na ce bisa ma'aunin masana tarihi an yi mutum mai wannan suna a ƙasar Yahudawa. Da na zo kan gicciyewa sai na rubuta cewa marubutan sun ruwaito an kashe shi, na tsaya a nan.

Malamin ya ba ni maki mai kyau, amma ya ja layi a ƙarƙashin "sun ruwaito", ya kira ni gefe.

"A sauran wuraren ka ce ya faru. Nan kaɗai ka ce sun ruwaito. Hujjar ce ta yi rauni, ko kai ne ka ja baya?"

Na ce, "Malam, ban sani ba."

Ya ce shi ma Musulmi ne, kuma ya fi shekara ashirin yana ba da wannan tambayar. Na jira ya ƙara wani abu, sai ya kira ɗalibin da ke bi mini.