Kantin Malam Canji

Faɗansu na farko a kan teburin guga aka yi shi. Mai guga ta fita kai wa mutane kayansu da hantsi, ta dawo ta tarar teburinta ya yi ƙafa. Ta bi sawun jansa a ƙasa har ƙofar ɗakin sabon ɗan haya, ta ɗaga labule, sai ga teburin an jera masa gwangwanayen madara da kwalayen sabulu, duk babu komai a ciki, ga ƙarti biyar sun yi layi, kowa riƙe da 'yan yankakkun takardu.

"Malam, lafiya? Gwanjon shara ake yi?"

Mutumin ya gyara tabarau ya ce, "Yi haƙuri Yaya, makaranta ce. Aro na yi."

"Aron da mai abu bai sani ba, a gidanmu wani suna ake kiransa. Sauke min tarkacenka."

Ya sauke, yana ba ta haƙuri, ɗaliban na dariya ƙasa-ƙasa. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma tun ranar tagarsa da wurin gugarta suke kallon juna.

Da can mai karɓar kuɗi ne a wani babban kanti, aka rage ma'aikata aka haɗa da shi. Abin da ya fito da shi Turanci ne kawai, shi ma na bakin kanta. Sai ya koma koyar da masu neman irin aikin, a kantuna da otal-otal da gidajen mai. Ba shi da allo, ba shi da alli. Ɗakinsa yake mayarwa kanti, ya yanka takarda ta zama kuɗi, ya tsayar da ɗalibi a bayan tebur, shi kuma ya zama mai saye. Yau ya zo a mai gaggawa, gobe a marowaci, jibi a wanda ya rantse ya biya alhali bai biya ba. Ko wane ne ya zo, da abu ɗaya yake rufewa: "Ina canjina?" Sunan Malam Canji ya bi shi har yaran gidan ba su san yana da wani ba.

Ya sha yi wa mai guga bayani ta taga, ita tana hura gawayin dutsen guga. Wai a Turanci biyan mutum daban yake da biyan kaya. In kaya ne sai an maƙala wata 'yar kalma, in da tsabar kuɗi ne wata, in da kati ne wata, biya gaba ɗaya da hanyarsa, biya kafin lokaci da tasa.

"Mu dai biya biya ne," in ji ta. "Mutanen da suka yi wa ba da kuɗi ƙofofi goma ba son bayarwa suke yi ba."

Ko sunanta ba ta iya karantawa, amma ta san lokacin da ɗalibi ya yi kuskure, don Malam ba ya tsawa, rula yake bugawa a tebur sau ɗaya, ƙwas, sai a sake daga farko. Kuma ba ɗalibin da yake zuwa neman aiki sai Malam ya ba shi 'yar takardar shaida da hannunsa. Masu kantuna sun san rubutun, ba sa ƙara tambaya.

Shekaru suka ci su duka biyun. Kafaɗarta ta dama ta riƙe har ta daina kwanciya a kanta, shi kuma idonsa ya dushe har sai ya kai takarda bakin hanci. Matarsa ta rasu. Layin ɗalibai ya koma uku, ya koma biyu, samari suka ce wayar hannu ta fi shi arha kuma ba ta buga rula. Ɗansa, wanda ke aiki can nesa, tafiyar yini biyu a mota, ya zo ya ga yadda uban ke laluben makulli, ya ce, "Baba, ranar da ɗalibinka na ƙarshe ya gama, ina zuwa da mota." Malam bai musa ba. Bayan tafiyarsa ya ce da mai guga, "Can me zan yi, Yaya? Kujera za su ajiye min a ƙofar gida, in riƙa amsa gaisuwa."

Ɗalibar ƙarshen kuwa Auta ce, 'yar mai guga, da mijinta ya rasu ta dawo ɗakin uwarta da yara uku. Baki biyar a kan dutsen guga ɗaya. Wani babban kantin magani yana neman mai karɓar kuɗi, mai kantin tsohon ɗalibin Malam ne, ya ce ta kawo takardar Malam kafin ƙarshen wata, in ba haka ba akwai masu jira.

Wata bakwai Auta na tsaye bayan teburin nan. Kullum ta fito uwar ta tambaye ta, ta ce, "Inna, ya ce da saura."

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, mai guga na cikin goge wata riga ta tsaya, har rigar ta kusa ƙonewa. Ta tuna rabon da ta ji ƙarar rula ya kai mako biyar. Ta ajiye dutsen a kan bulo, ta aiki Auta sayen gawayi, ta shiga ɗakin Malam ba ta jira an amsa sallamarta ba.

"Malam, me ya rage wa yarinyar nan?"

"Akwai 'yan gyare-gyare."

"Wanne? Faɗa min ɗaya, ko ban gane ba zan ji."

Ya shiga gyara gwangwanayen da ba su karkace ba.

"Rularka ta yi bebanta mako biyar. Ni jahila ce, ba kurma ba. Auta ta gama, kai ne ba ka gama ba. Ka ɗaure min 'ya a ƙafar tebur don kada mota ta zo."

Ya zauna a kan benci. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. "Na ce ko zuwa bayan damina. Ko wani zai shigo."

"Ba wanda zai shigo, kai ma ka sani. Jikokina kuma ba za su jira damina ba."

Ya yago takarda, ya sunkuya har hancinsa na taɓa ta, ya rubuta layi uku. Da Auta ta dawo ya miƙa mata ya ce, "Tun watan jiya ya kamata ki karɓa. Ki tsaya da kyau, kada ki riƙa kallon ƙasa."

Aka ɗauke ta. Malam da kansa ya sa aka kira masa ɗansa a waya.

Ranar tafiya mai guga ta goge masa rigunansa huɗu, ta ninke su cikin jaka. Ya fito yana laluben bakin ƙofa, ɗan na riƙe da gwiwar hannunsa. Ta so ta ce ya yafe mata, bakin bai saba ba. Ta bi su har bakin titi tana jan ƙafa, da ya zauna a mota ta sunkuya ta taga.

"Malam, kada ka yarda da kujerar nan. Jikokinka na ji su a waya, Turancinsu kamar an taka kwaɗo. Ka fara da babbar, ita ce mai taurin kai."