Salon Hajo

Kakata Inna Kulu mai kitso ce a Argungu. Bayan magariba takan ajiye tsinke, ta tura itace a murhu, mu kewaye ta. Ni ce babbar jikarta, kuma ni take koya wa kitso. Ba na so. Na taɓa bin kawuna Birnin Kebbi, na ga shago mai madubi da kujera mai juyawa, aka ce mini sunansa salun. Tun daga ranar kitson tabarma ya fita raina.

Na faɗa mata haka a gaban wuta. Ba ta zage ni ba.

"Salun? Ke ɗiyar nan, kin san inda sunka samo sunan? Gyara zama, ga ta nan tahe."

Wai an yi wata Hajo, matar masunci. Wata rana aljanar ruwa ta fito bakin gulbi ta ce a yi mata kitso. Gashinta santsi kamar tarwaɗa, duk abin da aka kama sai ya zame. Hajo ta dubi homar mijinta, ta saƙa gashin yadda ake saƙa ta, ya zauna. Aljana ta yi mata tukwici: hannunta ba zai maimaita salo ba har ta mutu. Mata suka riƙa zuwa daga ko'ina neman salon Hajo. Matar wani Bature ta ji, ta tafi da kalmar ƙasarsu.

"Bakinsu bai iya ba, sunka lanƙwasa ta. Kayanmu na, anka sa mai madubi anka maido muna. Miƙo kanki."

Na miƙa. Na kuma koya.

Na yi aure a Ambursa. Shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa, a ita maigidana ya rasu. 'Ya'ya na kallona, tukunya ba komai. Na hau kabu-kabu zuwa unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, na tsaya ƙofar salun ɗin wata Bayarabiya. Ban iya karanta allon ba. Sai na ce a raina, ai gidan Hajo ne. Na shiga.

"Mama, me kika iya?" in ji ta.

"Kawo kai," na ce.

Da wannan hannun na ciyar da su.

Bara 'yata Rabi, wadda ta yi boko, ta duba a waya. Ta ce kalmar ta Turawa ce tun asali, babban ɗakin karɓar baƙi take nufi, har mashaya da wata irin mota ana kira haka. Ba Hajo a ciki.

Ban musa ba, gaskiyarta ce. Ina jin Inna ma ta sani. Amma da gaskiyar ta ba ni a gaban wutar nan, da a ƙofar shagon na juya.