Yatsu huɗu a ƙofar ɗakin albasa

Aji biyu na yi a firamare, malamin ya ce wa mahaifina in koma gona tun ban lalata mashi sauran yara ba. Gonar ma ba ta riƙe ni ba. Gyaran injin ban-ruwa na faɗa a Goronyo, kuma duk wanda ya iya kwance inji ya mayar, ko da kusoshi biyu sun rage a hannu, Injiniya ake ce mashi.

Yayana manomin albasa ne a Boyekai. Yana da ɗakin laka inda yake ajiye albasar iri, wadda za a dasa baɗi. Albasa na son iska, awaki na son albasa. Don haka ƙofar ɗakin sai a bar ta a buɗe yatsu huɗu, ba ƙari ba ragi. Shekara da shekaru matarsa ke tokare ƙyauren da guntun taɓarya. Da yake matar yaya abokiyar wasa ce, na ce mata wanga aikin mutanen da ne.

"To Injiniya, mi kaka so a yi?" ta ce. "A ɗauko maka jirgi ya tsare akuya?"

Na ce ta zuba ido.

Kwana tara na yi ina fama. Na ɗora ƙyauren kan ƙarfen tsohon gado, na sa mashi boris a ƙasa don ya riƙa gangarawa, na ɗan karkata ƙarfen yadda ƙofar za ta zame da kanta. Na kwance wayar koyil daga mataccen inji na naɗe ta a guntun ƙarfe, na haɗa da batirin sola. In wuta ta shiga, ƙarfen ya zama mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, ya cafke ƙyauren daidai yatsu huɗu. In za a shiga ɗaukar albasa, a danna makunni, mayen ya saki, ƙofa ta zame har ƙarshe. Sau ashirin na auna da yatsuna, ko gashi bai kuskure ba. Maƙwabta sunka taru kallo. Sai da anka watse Yaya ya tambaye ni:

"Kai ƙane, irina na ciki fa. Ka tabbata?"

Na bugi ƙirji. Na ɗauki guntun taɓaryar na jefa bayan danga, a gaban mai ita.

Ranar Juma'a na koma duba aikina, wato in sake jin yabo. Wayata ta hannu ta mutu, ga batir a gabana yana zaman banza. Na zare wayar mayen na maƙala cajata, na ce minti biyar ne. Ƙyauren bai motsa ba, ƙura ta ɗan riƙe boris ɗin, sai na ce ashe ma aikina ya fi ƙarfin wuta. Anka kira salla, munka tafi masallaci ni da Yaya.

Da munka dawo ƙofa na buɗe har ƙarshe, daidai yadda na tsara ta. Awaki shida na ciki. Abin da ba su gatsa ba sun tattake. Rabin irin ya tafi.

Na fara bayani kan hadari da raunin sola, ga rana tana ƙona ƙeya. Matar yaya ta saurara har na ƙare, sannan ta miƙo mani wayata.

"Ta cika, Injiniya. Wanga ɓangaren dai ya yi aiki."

Yaya ya duƙa yana tsintar albasar da ta tsira, bai dube ni ba. Na fi son da ya zage ni. Da lokacin dashe ya zo, rabin fadamarsa kawai ya dasa, ni kuma na yi mashi ban-ruwa tun daga dashe har cira ba tare da ya roƙe ni ba.

Taɓaryar ni na shiga bayan danga na nemo ta, ƙaya ta yage mani riga. Na auna kaurinta a ɓoye: yatsu huɗu cif. Ƙyaurena na nan yana zamewa kan ƙarfen gado, taɓaryar ke tsayar da shi. Mayen kuwa matar yaya ta ce a bar mata, in allurarta ta faɗi cikin rairayi sai ta aiko a kira Injiniya ya haɗa waya.