Mushe Tanimu, Wanda Bai Goge Kuskurensa Ba

"To, ina kuskuren ya tafi?"

Hasiya ta ɗago kai. "Wane kuskure, Mushe?"

"Na darasi na bakwai. Inda na ja bakin rijiya da milimita a madadin mita, rijiyar ta hito kamar zoben amarya. Na kalli naki sau ukku, ban gan shi ba."

Tana durƙushe a bakin tabarmarsa, a tsakar gidansa da ke garin Tawa, injiniya guda, amma ji take ina ma ƙasa ta tsage ta shige. Wata takwas ke nan da ta kwashi bidiyoyin tsohon guda ashirin da huɗu na koyon zanen gini a kwamfuta, ta goge muryarsa, ta ɗora tata da Faransanci, ta yanke duk inda ya yi tuntuɓe, ta watsa su a intanet da sunanta. Jibi Asabar ƙungiyar ɗaliban fasaha za ta karrama ta a kansu. Da ya aika kiranta, ta zo da shirin shan faɗan sata. Sai ga abin da yake tambaya.

Bari mu bar ta a durƙushen, mu faɗi ko wane ne wannan dattijo.

Shekara talatin da huɗu Mushe Tanimu, wato Malam Tanimu a bakin masu Faransanci, ya yi yana zana taswirar gini a wani ofishin magina. Kullum ya idar da asuba ya sha koko, sai ya soka fensir a kunne, ya hau kekensa, ya riga kowa buɗe ƙofa. Yana da shekara hamsin da uku aka kawo kwamfutoci, aka jingine allunan zane a bango, aka ce masa ko ya koya ko ya koma gida. Samarin ofis suka sha dariya, don abin nan da ake ja da hannu, wanda suke kira suri, yana riƙe shi kamar garwashi.

Bai yi fushi ba. Ya nemi a zuba masa bidiyoyin koyarwa a salula, yawancinsu da Ingilishin da ba ya ji. Sai ya kashe muryar, ya bi hannun mai zanen da ido. Ya tsayar, ya gwada, ya ɓata, ya mayar baya. A nan ya gano abin da har yau yake faɗa: "Malamin aji in ka tambaye shi sau ukku sai ya yi tsaki. Wanga kuwa ka mai da shi baya sau hamsin, ba ya gajiya, ba ya kuma gaya wa kowa."

Da hannunsa ya faɗa, sai ya tuna da masu jin kunyar tambaya irinsa. Kowace Lahadi da hantsi ya ɗaure salularsa a jikin kujera da igiyar roba, ya saita ta ga kwamfuta, ya yi ta bayani da Hausarsa ta Adar. Fuskarsa ba ta fitowa. Murya ce kawai, da layuka, da carar zakara, wani lokaci da amon turmi. Ba ya zana benayen ƙasashen da bai taɓa gani ba. Rijiya yake zanawa, da rumbun albasa, da 'yar gada a kan ƙorama. In zai nuna yadda ake jera zane bisa zane, sai ya ce, "Tabarma ce, bisa gare ta darduma, bisa ga darduma buzu. Ɗaga wadda kake so, sauran na nan." In ya yi kure kuwa ba ya yankewa. Sai ka ji, "Kash, Tanimu, ka sake!" sannan ya nuna hanyar gyara a hankali.

Daga salula zuwa salula darussan suka yi ta tafiya, har inda intanet ba ya kaiwa. Sa'idu ɗan garin Tebaram shekara guda ya yi a aji bai ɗaga hannu ba, don in ya yi Faransanci ana ƙunshe dariya. Da hutun damina ya tafi gida da bidiyoyin, in an tashi noma ya zauna gindin itace yana maimaitawa yana kwaikwayo a takarda. Ya dawo shi ke koya wa masu dariyar. Nura mai walda, da bai gama lakwal ba, wato makarantar boko, yau sai ya zana maka ƙofa da awonta cif kafin ya yanka ƙarfe. Ita ma Hasiya da wannan muryar ta haye jarrabawarta ta ƙarshe.

Ga inda abin yake da ciwo. Ranar da bidiyoyin Hasiya suka fito, duk wanda ya koya a wurin tsohon ya gane rijiyar nan, ya gane gadar nan. Ba wanda ya ce uffan. Don in ka tona, sai ka yarda cewa kai ma da Hausa ka koya, daga bakin wani tsoho da zakara ke katse wa magana. Mu da muka koya a wurinsa, mun gwammace a ɗauka a Yamai muka iya, ko daga bakin Bature. Hasiya ta goge muryarsa da na'ura, mu muka goge ta da shiru. Wallahi ban san wanda ya fi wani abin kunya ba.

Kai ne, Mushe, ka zauna ɗalibi da furfura a ka, ba ka ji nauyi ba. Kai ne ka ɗauki tuntuɓenka, abin da kowa ke binnewa, ka ajiye shi a bakin hanya don mai zuwa ya gani ya kauce. Gawo mai inuwa da rani! Mun sha inuwar, muka tashi muna kakkaɓe riga kada a san inda muka zauna.

"Mushe," Hasiya ta ce, "sata na yi maka."

"Awo, na sani, ɗiyata. Muryar taki ma ta fi tawa daɗi."

Daga madafa matarsa Tani ta ce, "Ai ko ƙofar langalanga ta fi ka daɗin murya. Ke Hasiya, rabu da shi. Wanga ko rigarsa aka sace, sai ya bi ɓarawon ya tambaya ko ta yi masa daidai."

Ya yi dariya, sannan ya tsuke fuska. "Jiya ɗalibai biyu suka zo nan, zanensu ya ɓace masu, kwana biyu suna nema. Naki suka kalla. Naki bai taɓa ɓata ba, to mi zai nuna masu? Mai koyo ba hanya kaɗai yake biɗa ba, yana son ya ga yadda wanda ya ɓace ya komo. Mai da kuskuren. Sunan kuwa riƙe shi, ni mi zan yi da shi? Wata mai kamawa zan aje aiki. Idona ya bar ganin ƙananan layuka. Darasin matakala da na rufi ne kawai nake baƙin cikin ban ɗauka ba."

Da zagi ya yi mata, da ta samu abin riƙewa. Ta tashi ta fita.

Mun gode, Mushe Tanimu, godiyar da ta makara. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya saka maka da abin da muka kasa. Ku kuma masu sana'a a hannu, daga Afala har Takanamat, salula na aljihunku: ku ɗauki abin da kuka iya da harshen da kuke ciniki da shi, ku bar wa na baya.

Ran Asabar zaure ya cika. Aka kira sunan Hasiya, aka yi tafi, shugaban ƙungiya ya miƙo mata takardar yabo. Ba ta karɓa ba. Ta kama makirfo da hannu biyu, ta yi magana da Hausa, a wurin da tun safe ba a ji Hausa ba.

"Darussan nan ba nawa ba ne. Na Mushe Tanimu ne, kuma rabinku kun sani. Yau zan sauke nawa, in ɗora nasa yadda ya ɗauke su, da sunansa a kai. Gobe Lahadi kuma zan tafi gidansa mu fara darasin matakala. Shi zai yi magana, ni zan ja layin."